Kwamfuta ta nuna min sinadarin sabara ya doke maganin suga na asibiti, in fara yin fatent ko in fara bugawa?

Ɗan Rigasa

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah waɗanda suka san harkar nan ku ba ni shawara kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Ina mastas a kemistiri a wata jami'a nan jiharmu, aikina a kan ganyen sabara ne, na zaɓe ta ne saboda tun muna yara kakata take dafa ta wa masu jego da masu ciwon ciki, kuma akwai tsofaffi a garinmu da suke rantsuwa tana sauke suga. Na shanya ganyen a inuwa na daka, na jiƙa a metanol kwana 3, na tace na kai sampul aka min GC-MS, wato gwajin rarrabe sinadaran da ke cikin sampul, injin ya fito min da sunayen sinadarai 23. Daga nan na zazzage surarsu a PubChem, taskar sinadarai ta intanet, na yi dokin da manhajar AutoDock Vina. Ga waɗanda ba fanninsu ba, dokin shi ne kwamfuta ta gwada yadda ƙwayar sinadari za ta zauna a cikin ramin furotin sai ta ba ka maki, iya saukarsa ƙasa da sifili iya kyansa. Furotin ɗin da na ɗauka na alfa-gulukosides ne mai farfasa sitaci ya koma suga, lambarsa a taskar surar furotin 3A4A.

To ga abin da ya hana ni barci. Guda ɗaya a ciki ya ba ni -8.3, shi kuma akabos da likitoci ke rubuta wa masu suga ya tsaya a -7.5. Wani ester ne na fitalik asid, a taƙaice ana rubuta shi DEHP, kuma shi ne na biyu a yawa a cikin sampul ɗina. Na ƙara da lissafin DFT, wato lissafin yadda lantarki ya zauna a jikin ƙwayar, a laftof ɗina da tsarin B3LYP, sai da ya kwana 2 yana gudu saboda wuta, shi ma lambobin sun yi kyau.

Abokina ya ce kada in kuskura in gaya wa kowa, in tafi Abuja in yi fatent, wato rajistar mallakar ƙirƙira, kamfanonin magani za su zo da kansu. Sufabaizana kuma ya ce in tura taƙaitaccen bayani zuwa wani taro kafin ƙarshen wata sannan mu rubuta fefa a buga a mujallar bincike. Ga kuma kawuna mai suga ya ji labari a gida yana ta kira na in kawo masa ruwan ya fara sha. Wanne zan fara? Kuma shin sakamakon kwamfuta kawai ya isa a ba mutum fatent?

Malam Kemist Samaru

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, gara ka ji shi a nan da ka ji shi ranar difens a bakin mai jarrabawa na waje.

DEHP ɗin nan kashi mafi yawa ba daga sabara ya fito ba. Shi ne sinadarin da masana'antu ke zuba wa robar PVC don ta yi laushi, yana cikin tiyo, yana cikin wasu safar hannu da ledoji da marfin kwalba, kuma da yake ba a ɗaure yake a jikin robar ba, da zarar metanol ko heksen ya taɓa ta sai ya biyo shi. Duk wanda ya daɗe yana duba takardun GC-MS ya san shi da lambar 149, ita ce babbar alamarsa. Kuma ko da a ce ganyen ne ya yi shi, an shafe shekaru ana ƙera shi tan-tan a duniya, Tarayyar Turai ma ta taƙaita sa shi a kayan wasan yara saboda illarsa ga haihuwa. To ka ga babu sabon abu a nan balle magani.

Sannan ka sani injin bai "gano" sinadarai 23 ba. Abin da ya yi shi ne ya kwatanta yadda kowanne ya farfashe da abin da ke cikin taskar NIST ya ba ka wanda ya fi kama, ko da kamar kashi 60 ce zai rubuta maka suna. Kuma GC-MS abin da zai iya zama tururi kawai yake gani. Abubuwan da aka san sabara da su irin su tanin da filabonoyid masu ɗauke da suga a jikinsu ba sa tashi, suna nan a ƙasan kwalbarka ba ka ma gan su ba.

Yanzu maganar maki. Waɗanda suka rubuta Vina da kansu, a fefarsu ta 2010, sun ce kuskuren makin ya kai 2.85 kilokalori kan mol. Kai tazararka da akabos 0.8 ce. Ka kuma tuna a zafin ɗaki kowane 1.4 na nufin ninki 10 a ƙarfin kamu, ma'ana kuskuren manhajar shi kaɗai zai iya ɗaga abu ko ya sauke shi kusan ninki 100. Kamar ka auna zinare da sikelin 'yan buhu ne a kasuwar Kawo ka ce wannan ya fi wancan da giram ɗaya. Ƙari a kan haka akabos dogo ne mai lanƙwasa ta ko'ina, irin waɗannan Vina ba ta iya zaunar da su daidai, shi ya sa kusan kowane ɗalibi ke samun abin da ya "doke" shi. In ka duba za ka ga fefofi barkatai da wannan iƙirari, ina magungunan?

3A4A kuma na yis ne, isomaltes na yis ɗin burodi, ba na hanjin mutum ba. Akabos ya fi kama na mutum sosai fiye da na yis, don haka gasar tun farko ba a filinsa aka yi ta ba. Ka ɗauko 2QMJ, na mutum ne kuma akabos na zaune a ciki tun daga hoton asali. Ka cire shi ka ce wa Vina ta mayar da shi, in ba ta mayar da shi kusa da inda yake ba, ƙasa da angistirom 2 (ma'aunin tazara ne tsakanin atom), to saitinka bai isa ka yanke hukunci a kan komai ba. Wannan gwajin awa ɗaya ne amma ɗalibai kaɗan ne ke yi.

DFT kuwa, ba na raina shi, a kansa Walter Kohn ya samu kyautar Nobel a 1998 tare da John Pople. Amma ƙwaya ɗaya kake lissafawa ita kaɗai a sarari, ba ruwa ba gishiri ba hanji ba hanta. Tazarar HOMO da LUMO, lambar da lissafin ke ba ka, ba ta cewa abu zai sauke suga. B3LYP tsurarsa ma ba ya lissafa jan da ƙwayoyi ke yi wa juna daga nesa sai ka ƙara masa gyaran D3. Af, in Gaussian ɗin da ke laftof ɗinka, wato manhajar lissafin DFT, irin wanda ake turawa a filash ne, ka bar shi, na kuɗi ne mai lasisi kuma sunansa zai fito a fefarka. ORCA, manhaja mai irin aikinsa, kyauta ce ga masu binciken jami'a.

Kada ka ɗauka mu kaɗai abin ke samu don ba mu da kayan aiki. A 2006 Geoffrey Chang na cibiyar Scripps a Amurka sai da ya janye fefofi 5, uku a mujallar Science, saboda wata 'yar manhaja da ake amfani da ita a lab ɗinsa ta juya masa lambobi, surar furotin ta fito a birkice aka yi shekaru ana gini a kanta. A 2019 kuma masu bincike a jami'ar Hawaii suka gano wani rubutun Python da ake lissafin NMR da shi, wato gwajin tabbatar da surar sinadari, yana ba da amsa daban a Windows daban a wasu kwamfutocin Mac da Linux, kawai saboda yadda kowacce ke jera fayiloli.

Anti Maman Ilham

Malam ya gama magana a kan kwamfuta, ni bari in tambaye ka abin da na sani, shekarata 19 ina aikin teknolojis a lab. Ɗana, metanol ɗin a ina ka saya, a kwalbarsa ta gilashi mai lakabi ya zo ko a jarka aka ɗura maka? Da me ka rufe bakin abin da ka jiƙa ganyen, leda da kyauro ko? Tiyon da ke jikin injin busarwa fa? Na tabbata a ɗaya daga cikin ukun nan za ka samu DEHP ɗinka. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka ɗauki metanol ɗin nan shi kaɗai ba ganye, ka bi da shi duk inda ka bi da sampul, kwana 3 ɗin, tacewar, busarwar, ka kai a harba a injin. In ya fito to magana ta ƙare. Yara ba sa son yin wannan saboda kuɗin sampul ɗaya ne ya ƙaru, amma wlh ya fi araha a kan ka buga abin da za a zo ana nuna ka da shi.

Ka kuma kai ganyen wajen masu adana tsirrai na sashen ilimin tsirrai su tabbatar sabara ce su ba ka lamba, akwai a ABU. Ka rubuta inda ka tsinko da watan, don ganyen damina da na rani ba abu ɗaya ke cikinsu ba, na gefen titin Kaduna zuwa Zariya da ya sha hayaƙin tireloli kuma daban da na cikin daji.

In ka zo gwaji na gaske a kwalba akwai wani tarkon. Sabara na da tanin, shi kuwa tanin kowane furotin ya samu kama shi yake, shi ya sa majema ke jima da bagaruwa. To in ka zuba ɗanyen ruwan a kan enzayim ka ga ya tsaya kada ka yi murna tukuna, ƙila jeme shi ka yi kamar fata. Sai ka raba ruwan kashi-kashi a kolom, wato bututun gilashi mai garin silika, ka cire tanin, ka sake gwadawa, ka ɗiga ɗan Triton X-100, wani ruwan sabulu na lab, ka ga ko aikin zai ɗore ko zai ɓace. Wanda ya tsira sai ka tsarkake shi a yi masa NMR, a nan ne za ka iya buɗe baki ka ce ga sinadarin da na samu. Ka leƙa NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Basawa a Zariya, ka tambayi abin da suke iya yi maka kafin ka fara tunanin aikawa waje.

Abu na ƙarshe don na ga yadda kuke yi in wuta ta ɗauke. Kada ka dafa heksen ko sinadarin ita (ether) a kan risho ko gas don sauri, tururinsu ya fi iska nauyi, bin saman benci yake har ya iske wuta. Na taɓa ganin yarinya ta ƙone hannu biyu a haka ana saura sati 2 ta gama. Kuma in kana cika kolom ka rufe hancinka, garin silika ba ya fita daga huhu.

Barista Unguwar Rimi

Ni ba ɗan kemistiri ba ne amma ɓangaren fatent ina taɓawa. Amsar tambayarka ta ƙarshe za ta ba ka mamaki: eh, a Najeriya za ka iya samun takardar da sakamakon kwamfuta kawai, kuma wannan ita ce matsalar. Dokarmu ta fatent da zane ta 1970 ce har yau. Ofishin rajista da ke Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci fom yake dubawa, ka cika daidai, ka biya, ƙirƙira ɗaya ce a ciki. Dokar da kanta a sashe na 4 ta ce ba aikinsu ba ne su bincika ko abin sabo ne ko yana aiki, kuma ana ba da fatent ne a kan kasadar mai shi ba tare da tabbacin ingancinsa ba. Wato za ka rataye satifiket mai hatimi a falo, ranar da wani ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya ya nuna an san abin tuntuni sai a soke. Kamfanin magani kuwa kafin ya ba ka sisi lauyoyinsa sai sun yi binciken da rajista ba ta yi ba.

Sharuɗɗan uku ne, ya zama sabo, ya zama ba abin da duk masanin fannin zai hango da kansa ba, ya zama masana'anta za ta iya aiki da shi. Kuma dokar ta ce gano abu na kimiyya kawai ba ƙirƙira ba ne. "Sabara na sauke suga" ba naka ba ne, kai da bakinka ka ce tsofaffin garinku na faɗa, kuma dokar ta lissafa abin da aka sani da baki ko da amfani a ko'ina a duniya, ba sai an rubuta ba. A 1995 Amurka ta ba da fatent kan warkar da rauni da kurkum, Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce aka soke shi a 1997. Na darbejiya da ofishin fatent na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noman Amurka a 1994 shi ma an soke a 2000, suka ɗaukaka ƙara aka tabbatar da sokewar a 2005. Inda ake samun abin riƙewa shi ne sabuwar hanyar tacewa, ko wani haɗi mai awo da ka nuna da gwaji ya fi, ko ka sauya ƙwayar ta zama wadda babu ita a da.

Abokinka ya yi gaskiya a abu ɗaya, tsari. Duk abin da ka faɗa a taro, ko fosta, ko kundinka da aka ɗora a intanet, ko Facebook, ya zama sananne, kuma kai kanka ka kashe sabuntarsa. Amurka na ba mai ƙirƙira rangwamen shekara 1, Turai ba ta bayarwa, mu ma babu sai ga wanda ya nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, shi ma wata 6 ne. Don haka a shigar da takarda tukuna sannan a buga. Wannan rubutun naka ma bayyanawa ce, sa'arka ɗaya abin da ka bayyana roba ce kamar yadda su Malam suka ce. Gobe in ka samu na gaske kada ka kawo sunansa nan.

Amma gaggawar shigarwa ita ma tana da nata. Shekara 20 ɗin daga ranar shigarwa suke fara ƙirguwa, kowace shekara da kuɗinta, in ka daina biya ya faɗi. Daga ranar kana da wata 12 kacal ka nema a wasu ƙasashe ka riƙe matsayinka, ko ka bi ta PCT, yarjejeniyar fatent ta ƙasa da ƙasa da Najeriya ta shiga a 2005 ka samu har wata 30 a yawancin ƙasashe, kuma da kuɗin waje ake biya. Fatent ɗin Najeriya ko Maraɗi bai kai ba, Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar fatent ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, mu ba ma ciki.

Sai kuma na waye. Sashe na 2 ya ce abin da aka ƙirƙira a bakin aiki na mai aikin ne. Kai ɗalibi ne ba ma'aikaci ba, amma sufabaizanka ma'aikaci ne, lab ɗin na makaranta ne, in da kuɗin TETFund a ciki shi ma da sharuɗɗansa. Ka nemi takardar tsarin mallakar fasaha ta makarantarku ka karanta tun yanzu da ake shiri, ka tambaya ko kuna da ofishin da NOTAP, hukumar kula da samo fasaha da bunƙasa ta, ta buɗe a jami'o'i don wannan aikin, suna taimaka wa masu bincike wajen shigar da takarda. Ka riƙa rubuta komai a littafin lab mai ɗinki da biro da kwanan wata.

Sadiya Kemis Barnawa

Ni kawunka ne ya tsaya min a rai. Don girman Allah kada ka ba shi. Ruwan da aka tace da metanol ne, in bai gama fita ba ido yake fara ci. Kuma abin da na fi tsoro a kanti kullum shi ne mai suga ya ji an ce ɗansa ya gano magani sai ya ajiye metfomin ɗinsa, bayan wata biyu a kawo shi da ƙafa. Ka tuna My Pikin, maganin fitar haƙorin yara, a 2008, yara 84 suka rasu, kuma ba maganin da kansa ba ne, ruwan da aka narka shi a ciki ne ya zo da guba. Ka ce masa aikin bai kai nan ba, ya ci gaba da zuwa asibitinsa.

Abban Sultan

Jama'a ku sassauta kada yaron nan ya jefar da aikin gaba ɗaya. A ƙasar nan aka yi Niprisan na sikila, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauko shi daga wajen mai maganin gargajiya, masoro da kanumfari da karan dafi duk suna ciki, aka gwada a kan marasa lafiya, aka yi fatent har a Amurka, a 2006 ya fito kasuwa da sunan Nicosan. Eh na san daga baya kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe maganin ya ɓace a kantuna, amma dai an yi kuma daga tsiro aka yi. Metfomin ɗin ma da Sadiya ke magana asalinsa daga binciken wani tsiron Turai ne. Sabarar kakarka tana nan ƙanena, DEHP ne kawai ya fita.

Ɗan Rigasa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Gsky jikina ya yi sanyi amma na je na duba. Anti kin canka, metanol ɗin a jarka aka ɗura min a kasuwa don na kwalba ya fi ƙarfin aljihuna, kuma wani guntun tiyo na yi amfani da shi na zuƙo shi. Malam na mayar da akabos cikin 2QMJ jiya da dare, ya zauna nesa da wurinsa, sama da angistirom 4, don haka zan sake saita akwatin. Na samu sufabaizana da safe na nuna masa lambar 149, ya yi shiru sannan ya ce mu fasa tura bayanin taron mu fara harba metanol ɗin shi kaɗai. Kawu kuma Umma ta yi masa magana ya haƙura.

Tambaya ɗaya ta rage Anti, sauran ruwan da na tace yana nan kusan giram 40 a firji, in zubar in sake daga farko ne ko akwai yadda za a wanke shi?

Anti Maman Ilham

Kada ka zubar. Ka narka shi a metanol mai ɗan ruwa ka girgiza da heksen sau 3 a kwalbar rabewa, DEHP mai ne zai bi heksen ya tafi, abubuwan da kake nema za su zauna a ƙasa. Amma da heksen na kwalbar gilashi fa, kuma duk abin da zai shiga kundinka ka sake jiƙa sabon ganye, wannan ka yi koyon kolom da shi. Ka rufe da fefar alminiyom, ka buɗe tagogi.